Tsanin Tanyus

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a makarantar garinmu, kuma abin da na fito da shi daga aikin, ban da ciwon baya, shi ne imani da takarda. A wurina duk maganar da ba a rubuta aka buga mata hatimi ba, iska ce. Matata Afifa takan ce da za a bar ni, sai na nemi izini a rubuce kafin in yi atishawa. Nakan yi dariya, don a lokacin na ɗauka yabo ne.

Mahaifina ya bar mini ɗan kurmi a gangaren da ke bayan gidanmu, bishiyar sanobar talatin da ɗaya, dogon itacen nan mai ganye kamar allura da ake cin ƙwayar 'ya'yansa. Shi ya dasa su da hannunsa, yana ɗauko musu ruwa a kan jaki daga idon ruwan da ke ƙasan gari. Ina son bishiyoyin nan, wannan kam babu wasa a ciki. A inuwarsu na koyi tafiya, a inuwarsu na fara yi wa Afifa magana har bakina ya sarƙe. Sai dai ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Ni mutum ne wanda in na taka kujera don canza ƙwan lantarki sai in fara kiran Afifa ta zo ta karɓe ni. Sanobar kuwa ba ta da reshe a ƙasa, miƙewa take yi ɗoɗar, sai can sama ta buɗe laimarta inda 'ya'yan suke.

Mai hawan shi ne Tanyus, maƙwabcinmu, wanda muke kira Abu Jiryis. Gidansa na gindin kurmin. Ya girme ni da shekara uku, bai wuce aji huɗu ba, kuma yana da wani dogon tsani na katako da ya gada wurin ubansa. Duk lokacin sanyi shi ke hawa ya kakkaɓo 'ya'yan mu raba biyu, kamar yadda ya saba yi da mahaifina. Ni nawa aikin shi ne in tsaya a ƙasa da hannu a baya ina ba shi shawara.

Shekara huɗu da suka wuce na je Beirut ganin likita, na kwana biyu. Da na dawo sai na tarar an sare wani babban reshe daga bishiyar da ke kan iyaka. Reshen ya daɗe yana shafar rufin Tanyus, har ya fasa masa wani gefe ruwa na zuba a ɗakin girki. Na shiga gida ina huci.

Afifa ta ce, "Ai ya tambaya. Ni na ce ya sare."

"A rubuce?"

Ta dube ni ta ci gaba da yankan albasarta.

Tsakanin ƙofata da ta Tanyus taku arba'in ne. Da na taka su, da maganar ta mutu a kan finjalin gahawa ɗaya. Maimakon haka na zauna na rubuta koke shafi bakwai zuwa ga majalisar gari. Shugaban majalisar, Na'im, wanda mahauci ne in ba ranar zama ba, ya zo har gida yana roƙo.

"Haba Ustaz, reshe ɗaya? Zo mu je gidan Abu Jiryis mu sha gahawa, ya sumbaci kanka, shi ke nan."

Na ce masa ƙasar da gahawa ke mulki ba ta ci gaba. Na ji daɗin maganar sosai, har na sa ta a koke na biyu.

Da na ishe su da takardu, sai suka ce in rubuto musu dokar da nake so su huta. Na kuwa rubuta. Ba wanda zai sare reshen da ya kai kaurin yatsa a kurmin garin nan, ko nasa ne, sai da takardar izini mai ɗauke da sa hannun shugaban majalisa da hatiminsa. Wanda ya karya, a ƙwace kayan aikinsa, a liƙa sunansa a ƙofar majalisa. Na ƙara da cewa duk sa'ad da ɗan sandan majalisa ya ji ƙarar zarto, dole ya je ya duba, ko ba a kai ƙara ba. Suka ɗaga hannu su tara cikin minti biyu, don ana jiran su wurin biki.

Wata uku ina gadi a taga da littafi a hannu kafin in kama Tanyus yana gyara wata bishiya a bayan gidansa. Tasa ce, ba tawa ba, amma doka ba ta san wannan ba. Na kira Milhim, ɗan sandan majalisa, shi kaɗai muke da shi, kuma tsohon ɗalibina ne da na sha ja wa kunne. Ya zo kansa a sunkuye ya ɗauki tsanin ya kai ɗakin ajiyar majalisa. Tanyus bai yi faɗa ba. Ya dai tsaya ya dubi tagata na ɗan lokaci, sannan ya shige gida. Tun ran nan ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba.

Wanda ya ɗanɗana nasara irin wannan ba ya ajiye biro. Na kai ƙarar garken awakin surukin Na'im. Na kai ƙarar tankin ruwan mai gidan burodi. Na kai ƙarar Milhim kansa ofishin gunduma, don ya ji zarto ran wata Talata bai tashi daga cin abinci ba. Kowace takarda ta tono tsohuwar gaba tsakanin dangi, har 'yan majalisa biyar cikin tara suka ajiye aiki, majalisar ta rushe. Aka kulle hatimi a aljihun tebur, aka ce a jira zaɓe, zaɓen kuma aka yi ta ɗage shi. Ni kuwa ina yawo a gari ƙirji a buɗe, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da biro ɗaya na kayar da majalisa. Ban lura ba cewa masu tsayawar kullum raguwa suke yi.

A watan Janairun bana Afifa ta kira ni bayan gida ta nuna mini sama.

"Ka ga amfanin gonarka."

A kan kowace bishiya akwai farin ƙunshi kamar curin auduga, wata biyar, wata goma. Gidan gizaka ne. Na san ta a littafi, na ma koyar da ita. Tana cinye ganyen sanobar duk tsawon sanyi, in rana ta fara ɗumi a watan Maris sai ta sauko cikin jerin gwano ta shige ƙasa, baɗi ta dawo ninki. Maganinta ɗaya ne, a hau a datse reshen da ƙunshin yake a ƙone kafin ta sauko. Bishiyoyi uku na can gefe sun riga sun yi ja kamar an babbake su.

Na ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru kurmin nan bai taɓa yin gizaka ba. Irin da mahaifina ya dasa mai ƙarfi ne."

Afifa ta ajiye kwandon wanki. "Wadi, kai da karatunka. Duk shekara tana zuwa. Hayaƙin da kake gani bayan gidan Abu Jiryis lokacin kakkaɓa, kana zaton nama yake gasawa? Shi ke datse ta yana ƙonewa, bai taɓa gaya maka ba don kada ka ba shi shawara."

Shekara huɗu ke nan ba wanda ya hau, ni kuma ina murna cewa bishiyoyina na hutawa.

Na nemi masu hawa daga garuruwan kusa. Kowa ya ji sunan garinmu sai ya ce yana son tsaninsa. Sai na sa kwat ɗina na ranar biki, na shiga mota zuwa ofishin gunduma neman izini. Jami'in mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya buɗo dokar garinmu ya karanta a tsanake.

"Ta ce sa hannun shugaban majalisa. Kuna da shugaba?"

"Babu."

"To ni ba shi ba ne."

"A soke dokar mana."

"Majalisar da ta kafa ta ita ke soke ta. Kuna da majalisa?" Ya juya takardar gaba da baya yana kaɗa kai. "Wallahi na daɗe ban ga rubutu irin wannan ba. Wanda ya tsara dokar nan bai bar ko ƙofar tururuwa ba."

"Na gode," na ce. Kafin in kama bakina ta riga ta fita.

Ya cire tabarau ya ƙare mini kallo, sannan ya kira na gaba.

Na yi mako biyu ina rubuta wasiƙu zuwa duk inda na san akwai tebur. A cikin makon biyun bishiya ta huɗu ta yi ja. Wata safiya na fita na tarar da rana ta yi ɗumi, itacen almon na ƙofar gida ya fara fure. Na tsaya a cikin kurmin ina jin wani ɗan sauti kamar yayyafi, ashe kashin gizaka ne ke zubowa daga sama. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar da aka binne mahaifina. Abin da ya yi shekaru yana shayarwa a kan jaki, ni zan kashe shi da biro.

Afifa ta miƙo mini takalmana. "Taku arba'in ne. In ka manta hanya in raka ka."

Na tarar da Tanyus a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Matarsa, Umm Jiryis, ta yi mini maraba kamar jiya muka rabu, ta kawo gahawa. Na karɓi finjalin na ajiye a gabana ban sha ba, yadda mai roƙo ke yi har sai an biya masa buƙata. Tanyus ya ga na ajiye, ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa.

"Abu Jiryis, na zo da buƙata."

"A rubuce?"

Na cancanci wannan.

"Gizaka ta kama kurmin."

"Ina da ido. Daga kan rufina nake ƙirga ta, rufin da ba ya yoyo yanzu, albarkacin wani reshe."

"Ina roƙon ka hau."

"Da me zan hau, Ustaz? Ko za ka tara mini takardun kokenka in taka? Ai za su kai."

Umm Jiryis ta ce daga ɗakin girki, "Tanyus, ka ji tsoron Allah, gahawar mutum na hucewa."

"Ta huce. Tawa shekara huɗu tana hucewa." Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "Wanda ya kai tsanina can, shi zai dawo da shi. A kafaɗarsa, ta tsakiyar kasuwa, ran Lahadi bayan an fito coci. In ya iso, ka sha gahawarka." Ya ɗauki finjalin ya ɗora a kan taga. "Kada wanda ya taɓa wannan."

Na je wurin Milhim ina ta shirya yadda zan roƙi mabuɗin ɗakin ajiya ba tare da na karya doka da bakina ba. Ya saurare ni har na gama.

"Ustaz, wane mabuɗi? Ƙofar nan ba ta da kwaɗo tun ina yaro, dutse ake tokare ta da shi. Sau nawa na ce wa Abu Jiryis ya zo ya ɗauki abinsa, ya ce shi bai kawo ba."

Tsanin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ran Lahadi ni na ɗauki gaba, Afifa ta ɗauki baya. Garin kaf yana dandali. Masu karta a ƙofar shagon gahawa suka kife kartarsu suka juyo da kujeru.

"Ustaz, ina takardar izinin ɗauka?"

"A kawo hatimi, jama'a, malam zai wuce!"

Na'im ya fito daga shagonsa da wuƙa a hannu yana share hawayen dariya. "Afifa, Allah ya saka miki. Shekara arba'in kina riƙe masa ƙarshen tsani."

"Arba'in da biyu," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.

A kwanar gidan burodi na juya ba tare da na tuna tsani na da wutsiya ba, ya share kwandon lemo na mai kayan miya. Na tsaya zan ba da haƙuri, Afifa ta ingiza ni daga baya har na yi tuntuɓe. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na gode mata.

Tanyus ya karɓi tsaninsa. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana ƙwanƙwasawa, ya ɗaure biyu da igiya. Washegari da sassafe ya jingina shi a bishiyar farko. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya ya haye kamar mai shiga ɗakinsa, zarto a ɗamara. Ƙunshin gizaka ya fara faɗowa, ni ina tsincewa da cebur ina kaiwa wuta. Ya ce in ɗaure wuya da hannu da tsumma, na ce na karanta komai a kan gizaka. Kafin hantsi wuyana ya yi luhu-luhu, ina susa kamar mai ƙazwa.

Mun gama bishiya shida sai ga Milhim ya gangaro da littafinsa.

"Na ji zarto," ya ce.

"Milhim, ɗana, ka yi kamar ba ka ji ba."

"Na taɓa yin haka ran wata Talata, Ustaz. Har yau takardar gargaɗin na cikin fayil ɗina." Ya ɗaga kai. "Abu Jiryis, sauko. Dole in ɗauki tsanin."

Saura bishiya ashirin da ɗaya, rana kuma na ƙara zafi a bayan wuyana. Tanyus ya sauko a hankali, ya tsaya yana kakkaɓe riga, bai dube ni ba.

Na ce, "Ni na sare."

Milhim ya dube ni, ya dubi bishiyar. "Kai?"

"Ni. Abu Jiryis riƙe mini tsani kawai yake yi. Shawara yake ba ni."

"Ustaz, garin nan kowa ya san Afifa ke canza muku ƙwan lantarki. Kai ka koya mana kada mu rubuta abin da ba mu gani ba. In kai ne, hau in gani."

Tanyus ya cire zarton daga ɗamara, sai kuma ya fasa, ya mayar. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramin laujen da Afifa ke yankan na'ana'a da shi ya ba ni. Ya matsar da tsanin zuwa wata bishiya da ke da ƙunshi a reshen da ya fi kusa da ƙasa, ya riƙe da hannu biyu.

"Kada ka dubi ƙasa. Ka dubi ɓawon itacen. Kuma don Allah kada ka yi jawabi."

Mataki goma sha ɗaya na taka. Na sani don na ƙirga su, kuma a kowanne na yi wa wani waliyyi alkawarin kyandir. Tsanin na rawa, ko ni ke rawa, ban tantance ba. Na rungume matakin da hannu ɗaya, na miƙa laujen na yi ta gurzar reshen ido a rufe har ya karye. Ƙunshin ya faɗo daidai tsakiyar kaina, inda gashi ya daɗe da yin ƙaura. Ihun da na yi, an ce har a dandali an ji.

Da suka sauko da ni, Milhim ya lashi fensirinsa ya rubuta. "Mai laifi, Ustaz Wadi. Kayan aiki, lauje ɗaya." Ya karɓe laujen ya soke a ɗamara.

Na ce, "Tsanin fa?" Halin mutum ba ya barinsa, ko a wannan hali sai da na tambaya.

"Doka ta ce kayan aikin mai laifi. Tsanin naka ne? Gari duka ya ga ka ɗauko shi daga ɗakin ajiya ba izini, mai shi kuma ga shi tsaye ya karɓi abinsa." Ya rufe littafin. "Zan je in rubuta rahoto. Ka san rubutuna, Ustaz, kai ka sha dukana a kansa. Zai ɗauke ni kwana uku, kuma ba na iya rubutu sai da rediyo a kunne."

Kwana uku Tanyus na sama ina ƙasa, kaina naɗe da tsumma da man zaitun. Ban ba da shawara ko ɗaya ba. Ranar Alhamis da la'asar ya sauko daga bishiya ta ƙarshe, muka zauna a kan katangar dutse muna kallon wutar na cinyewa. Umm Jiryis ta kawo gahawa, ni a wancan finjalin na kan taga, ta dai wanke shi ta zuba sabuwa. Na sha.

Tanyus ya ce, "Ranar da mahaifinka zai rasu, ya aika a kira ni. Kana can kana neman likita ya rubuta maka sunan ciwon. Ya ce, Tanyus, Wadi yaron kirki ne amma ba zai taɓa hawa ba, ka duba mini su." Ya juya finjalinsa a hannu. "Shekarar farko bayan an ɗauke tsanina, da na ga farin abin nan a sama, na ce wa matata ta ɗora gahawa, yau zai zo. Shekara ta biyu ma haka. Da ka zo a ta biyun, da waɗancan suna raye."

Ya nuna huɗun da suka bushe. Hawaye suka zubo mini, na ce hayaƙi ne, shi kuma ya yarda hayaƙi ne.

Ashirin da bakwai sun tsira, sun fara fitar da sabon ganye. Sunana na nan liƙe a ƙofar majalisa, don cire shi ma sai da sa hannun shugaba, haka na rubuta. Huɗun da suka mutu suna tsaye daidai tagar da teburina yake. Tanyus ya ce in na so zai kayar da su, Milhim zai kunna rediyo. Na ce ya bar su. Duk ranar da hannuna ya kai ga biro nakan ɗaga kai in gan su, sai in mayar da shi aljihu in nemi takalmana.